Wai waye injiniya a wajen gini?

Tun daga benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a 2021, zuwa makarantar da ta danne ɗalibai a Jos a Yulin 2024, kalmar injiniya ta cika gidajen rediyo, gini na faɗuwa sai kaji ana cewa a kamo injiniyan, alhali mu nan birkila injiniya ne, ɗan kwangila injiniya ne, mai haɗa wayar wuta ma haka ake kiransa.

A doka ba haka bane. Hukumar COREN da aka kafa tun 1970 ita ke rijistar injiniyoyi, wanda bata yiwa rijista ba bai da hurumin ɗaukar sunan. Kuma ko a cikin masu rijistar ba kowa ke da ruwa da ƙarfin gini ba. Akitek shi ke zana fasali, inda ƙofa da taga za su zauna. Injiniyan ƙarfin gini kuwa lissafi yake, nauyin da dekin zai ɗora wa bim, wato kankaren da ke kwance ƙarƙashinsa, bim ya miƙa wa fila, wato ginshiƙi, fila ta sauke a tushe, sannan ƙasar wurin zata iya ɗauka ko sai an gwada ta.

Abinda ke ƙona min rai shine yadda ake yi da mata masu wannan aikin. Mace ta yi shekara 5 a jami'a, ta yi rijista, ta rubuta rodi mai milimita 16 a fila, sai mai plaza ya kewaye ta ya tambayi "injiniya", wato birkilansa, shi kuma yace ai 12 ma ta isa Alhaji, haka muke yi tun da. To yawan ƙarfen da ke cikin rodin 12 kaɗan ya haura rabin na 16, ba ragin 4 bane kawai kamar yadda ake zato. Tace kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, ace Hajiya ta cika tsanani, ƴan haya na jiran shaguna. Ita ake kira Hajiya, shi ake kira injiniya, kuma ita ce ta sa hannu a takardar.

Mata kuma ba baƙi bane a fagen, ƙungiyar mata injiniyoyi APWEN tun 1982 take, a 2024 ma Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya. Ni dai kafin ka kama shago a sabon bene, tambayi wa ya yi lissafin ƙarfinsa, a nuna maka hatimin COREN ɗinsa ko nata.