Waiwaye: Yadda Windhoek ta Fara Shan Ruwan da ta Zubar

Tun bayan farin da ya kusa ƙafar da famfunan birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 2018, biranen kudancin Afirka ke ta muhawara kan tace ruwan masai a mayar da shi famfo. Wasu ƙyama suke yi, wasu na cewa babu makawa. Duk inda aka tayar da zancen kuwa, sai an ambaci Windhoek, babban birnin Namibiya.

Birnin a tsakiyar ƙasa mai fari yake. Ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimita 400 ba, kogunan da ba sa ƙafewa kuma suna can kan iyaka, ɗaruruwan kilomita. Da rijiyoyi da madatsun ruwa suka gaza, sai aka buɗe matatar Goreangab a 1968, ta farko a duniya da ta mayar da ruwan datti ruwan sha kai tsaye. A 2002 aka gina sabuwa mai tace mita kubik 21,000 a rana. Wannan sananne ne.

Abin da ba a cika faɗa ba ya faru ne kafin ruwan ya iso matata. Tun farko birnin ya raba hanya: ruwan gidaje ya nufi matatar Gammams, inda ake masa tacewar farko kafin ya wuce Goreangab, na masana'antu kuwa, irin su mayanka da majema da wurin yin giya, aka karkata shi zuwa wata matatar daban mai suna Ujams. Ko an tace wannan, ban ruwa ake yi da shi, ba ya shiga tulun kowa. Duk wanda ya taɓa wucewa kusa da kwatamin majema ya san dalili. Dattin gida, komai warinsa, an san abin da ke cikinsa, ƙwayoyin bakteriya na cinye shi, gawayi da sinadarin kulorin su ƙarasa. Gubar masana'anta kuwa kullum sabuwa ce, wata ma tana kashe ƙwayoyin da matatar ta dogara da su. Raba su kuma aikin doka ne da tsarin gari: ina za a ba masana'anta fili, wane bututu za ta zuba, wa zai riƙa dubawa.

A ganina, shi ya sa sayen injin irin na Goreangab bai isa ba. Birnin da magudanansa suka riga suka cakuɗe, sai ya fara tona titi don raba su tukuna.