Baƙin 'yan wasa a Serie A: ƙofar da aka buɗe ana tsakiyar kakar 2000-01

Tun da Italiya ta gaza zuwa gasar cin kofin duniya ta 2018 da ta 2022, maganar da ake ta nanatawa a can ita ce baƙi sun cika Serie A, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Italiya, 'yan ƙasa sun rasa wurin taka leda. Wannan ƙorafi ya girmi yawancin masu yin sa.

A 1966, bayan Koriya ta Arewa ta fitar da Italiya daga kofin duniya da ci ɗaya mai ban haushi, aka rufe ƙofa ga baƙin 'yan wasa. Sai a 1980 aka yarda kowace ƙungiya ta ɗauki guda, lokacin da Falcao ya zo Roma. Aka ƙara zuwa biyu a 1982, uku a 1988, sannan hukuncin kotun Turai na 1995 a shari'ar ɗan wasa Bosman ya sakar wa 'yan Tarayyar Turai mara. Wannan kowa ya san shi.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne kakar 2000-01. A lokacin ƙungiya ba ta da damar saka fiye da mutum uku 'yan wajen Tarayyar Turai a wasa ɗaya, don haka fasfo na Turai ya zama kadara, har aka yi ta bankaɗo na jabu a wannan kakar. Wanda ya fara girgiza dokar kuwa ɗan Najeriya ne, Prince Ikpe Ekong na Reggiana. Ƙungiyarsa ta faɗa ƙaramar gasar Serie C, inda aka hana 'yan wajen Tarayyar Turai irinsa wasa, ya kai ƙara, kuma a Nuwamban 2000 kotun Reggio Emilia ta ce wannan wariya ce. A farkon Mayun 2001, ana tsaka da tseren lashe kofi, aka soke iyakar a Serie A.

Kwana biyu bayan haka Roma ta je Turin wajen Juventus. Kafin a yi minti goma Del Piero da Zidane sun zura wa Roma biyu. Kocin Roma Capello ya cire Totti, kyaftin ɗan gida, ya saka Nakata na Japan, wanda a tsohuwar doka da wuya ya sami gurbi ko a benci. Nakata ya farke ɗaya da dukan nesa. Ana dab da tashi ya sake narka wata, golan Juventus Van der Sar ya amayar da ita, Montella ya ƙarasa. Aka tashi biyu da biyu. Roma ta ɗauki kofin da maki 75, Juventus na da 73.

A ganina darasin da ƙungiyoyi suka ɗauka ke nan: wanda aka sayo da gwanintarsa ya fi saurin biyan bukata a kan yaron da za a yi shekaru ana raino. An dawo da takunkumi kan sabbin baƙi a 2002, amma sabo ya riga ya kama jiki. Kuma ba zuwan baƙin ne ya hana ruwa gudu ba, tunda Italiya ta ci kofin duniya a 2006 da 'yan wasan da dukkansu a gida suke wasa, yaran da aka raina tun kafin wannan sauyi. Shekara huɗu bayan nan, Inter ta fara wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Madrid babu ɗan Italiya ko ɗaya cikin sha ɗayan farko.