Sadarwar Rediyo da Jiragen Ƙarƙashin Teku

Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, shi ya sa yake shanye igiyar rediyo. Gajeren zango, wanda ke tsallaka nahiyoyi ta sama, da ya shiga teku ba ya wuce 'yan kamu sai ya mutu. Dogon zango ne ke nitsewa, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon zurfin da yake kaiwa. Sai dai yana buƙatar eriya mai girman gari guda, wadda babu jirgin da zai iya ɗauka. Don haka jirgin da ya nitse yana jin saƙon hedikwata, amma ba shi da bakin amsawa sai ya taso.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta gina tashar Goliath kusa da Kalbe, ta fara aiki a 1943 da ƙarfin da ya kai kilowat 1,000, galibi a kan kilohaz 16.55 (haz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne, kilohaz kuma haz dubu; ƙarancin adadin na nufin dogon zango). Jiragenta na ƙarƙashin teku kan saurara suna 'yan mitoci ƙarƙashin ruwa. Matsalar tana wajen amsa. Admiral Karl Dönitz, kwamandan jiragen, yana son rahoto a kai a kai, jirgi kuma dole ya taso ya aika ta gajeren zango. Jiragen yaƙin Birtaniya masu rakiyar jiragen kaya na ɗauke da na'urar gano inda saƙo ya fito, wadda matuƙa ke kira Huff-Duff. Ko ba a fasa sirrin saƙon ba, an san ɓangaren da mai maganar yake. Jamusawa sun taƙaita saƙonni zuwa 'yan haruffa, duk da haka an sha kama su.

Dogon zangon da ake kira VLF, daga kilohaz 3 zuwa 30, yana kaiwa zurfin kamar mita 10 zuwa 20. Birtaniya ta yi amfani da tashar Rugby, da aka buɗe a 1926, a kan kilohaz 16. Amurka ta buɗe ta Cutler a jihar Maine a 1961, mai watsawa a kan kilohaz 24, sannan ta Exmouth a Ostireliya a 1967, inda dogon turken tsakiya ya kai mita 387. Don kada jirgi ya taso, sai ya saki doguwar waya mai iyo ta bayansa, ta yi sama ta kwanta dab da fuskar ruwa tana karɓar saƙo. Dabarar na da sharaɗi: in jirgin ya ƙara gudu, wayar kan nitse saƙo ya yanke, in ya juya da gaggawa kuma farfela na iya datse ta. Tunda tashoshin ƙasa ba sa ɓoyuwa ranar yaƙi, Amurka ta tanadi jiragen sama na shirin TACAMO, masu zuro waya ta kusan kilomita 8. Matuƙin yakan yi ta zagaye a ƙaramin da'ira har wayar ta rataya a tsaye, domin a haka take watsawa da kyau.

Yaƙin Cacar Baka ya kai lamarin ƙarshe da zangon ELF, wanda ya fi VLF tsawo nesa ba kusa ba. Amurka ta watsa a kan haz 76 daga Clam Lake a Wisconsin da Republic a Michigan, Tarayyar Sobiyet kuma a kan haz 82 daga tashar ZEVS kusa da Murmansk. Tsawon igiya ɗaya a nan kusan kilomita 4,000 ne. Maimakon turke, sai a ja wayoyi na kilomita da dama a binne ƙarshensu a ƙasa, kuma da gangan ake zaɓar wuri mai dutsen da ba ya ɗaukar lantarki sosai, don wutar ta zaga can cikin ƙasa, ƙasar da kanta ta zama eriya. Ana zuba miliyoyin wat, abin da ke fita 'yan wat ne kawai. Haruffa uku kan ci kusan minti 15, saboda haka aikinsa na ƙararrawa ne: a ce wa jirgi ya matso sama ya karɓi cikakken umarni. Amurka ta fara cikakken aiki da tsarin a 1989, ta rufe shi a 2004.

Tsakanin jirgi da jirgi a kusa kuwa, sauti ake amfani da shi. Tarhon ƙarƙashin ruwa da sojojin ruwan Amurka ke kira Gertrude yana ɗora murya a kan sauti na kusan kilohaz 8. Yana kai 'yan kilomitoci, muryar na fita da amsa-kuwwa, kuma duk mai kasa kunne a yankin yana ji.