Ma'anar "pennant", tutar da ake ta yi wa fassarar ganin dama

Tun daren 20 ga Oktoban 2025 da Toronto Blue Jays ta doke Seattle Mariners da ci 4-3 a wasa na bakwai, na ƙarshe a karawar fitar da zakarar lig ɗinsu ta besbol, kalmar "pennant" ta addabi duk mai bin labarin wasanni a waya. Kafin nan su wa suka damu da besbol a cikinmu? Sai ga hotunan mutanen Kanada suna ta tsalle a titi, masu fassara labarai kuma kowa ya ɗauko tasa. Na ji wani a rediyo, ba zan faɗi tashar ba, yana cewa Toronto ta "lashe kofin duniya". Bayan kwana goma sha biyu Los Angeles Dodgers ta doke Toronto ɗin, shi dai wannan bawan Allah ya sake fitowa ya ce Dodgers ta lashe kofin duniya. Kofin duniya biyu cikin mako biyu, kuma ko a jikinsa.

Kalmar tuta take nufi, ba kofi ba. Tuta ce siririya mai tsini a baki, faffaɗa daga wajen sanda tana tsukewa har ƙarshe. Duk mai kallon ƙwallon ƙafa ya san ta ko da bai san sunanta ba: ƙaramar tutar nan mai geza da kyaftin-kyaftin suke musaya a tsakiyar fili kafin alƙalin wasa ya jefa kwabo. Asalinta daga jiragen ruwa ne, inda ake ɗaura doguwa a can ƙololuwar jirgin yaƙi don a san yana bakin aiki. Daga nan masu besbol na Amurka suka are ta tun a ƙarni na 19. Ƙungiyar da ta gama shekara a kan gaba a lig ɗinta, ita ke da ikon kafa tuta a filinta shekara mai zuwa, kowa ya shigo ya gani. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a kan wannan. Mun san abin da ake nufi idan aka ce Shehu ya ba wane tuta.

Inda ruɗanin yake shi ne lig biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai National League da aka kafa a 1876, akwai American League da ta miƙe a matsayin babbar lig a 1901, kuma da farko kishiyoyi ne na gaske, suna ƙwace wa juna 'yan wasa. Kowacce da tutarta. Sai a 1903 zakarun biyu suka fara karawa, Boston ta doke Pittsburgh, abin da ake kira World Series ke nan. Wato tuta ta girme shi nesa ba kusa ba. A 1904 ma New York Giants ta ci tutar National League ta ce ba za ta buga da Boston ba, don a ganin mai ƙungiyar, John T. Brush, da kocinta John McGraw, waccan lig ɗin ba sa'arsu ba ce. Ba a yi World Series ba a shekarar. Girman kai ne, amma ya nuna yadda suka ɗauki tutar: a wurinsu an riga an gama magana.

Wanda yake son ya gane nauyin kalmar, sai ya koma 1951. A lokacin ƙungiyoyi takwas-takwas ne a kowace lig, wasa 154 a shekara, wanda ya fi yawan nasara ya ɗauki tuta, kamar dai yadda teburin Firimiya yake yanke hukunci. A tsakiyar watan Agusta Brooklyn Dodgers, wadda daga baya ta koma Los Angeles, ta ba Giants tazarar wasa goma sha uku da rabi, tazarar da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Sai Giants ta ci wasa 16 a jere, ta ci 37 cikin 44 na ƙarshe, aka tashi kunnen doki: kowacce nasara 96, rashin nasara 58. Dole aka sa musu wasa uku na raba gardama. Giants ta ci na farko, Dodgers ta ci na biyu.

Na ukun ranar 3 ga Oktoba ne a filin Polo Grounds. An shiga zagaye na tara, na ƙarshe ke nan, Dodgers na gaba 4-1. Giants ta rage ya koma 4-2, da mutum biyu nata a kan sansani, wato tashoshin da mai bugu yake bi kafin ya dawo gida ya ci maki, suna jiran wanda zai kawo su gida. Mai jifan Dodgers, Don Newcombe, ya gaji, aka cire shi aka kawo Ralph Branca. Bobby Thomson na Giants ne riƙe da gorar bugun ƙwallo, bayansa kuma wani yaro ɗan shekara 20, Willie Mays, yana durƙushe yana jiran layinsa. Jifa ta farko Thomson ya kalle ta ta wuce. Ta biyu ya make ta, ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo ta ɓangaren hagu. Maki uku a bugu ɗaya, 5-4. Mai sharhin rediyo Russ Hodges ya dinga ƙwala ihu yana maimaita magana ɗaya, Giants ta ci tuta, Giants ta ci tuta, har muryarsa ta nemi shaƙewa.

To ga abin da nake so mai fassarar nan ya ji. Washegari Giants ta shiga World Series da New York Yankees, aka kuma doke ta wasa huɗu da biyu. Ba ita ce zakarar 1951 ba. Amma ka tambayi Ba'amurke mai son besbol abin da ya faru a shekarar, bugun Thomson zai fara kawo maka, ba kofin Yankees ba. Ihun da ya fi kowane ihu shahara a tarihin wasan, a kan tuta aka yi shi.

Labarin yana da wutsiya, kuma ban iya wuce ta. A 2001 ɗan jarida Joshua Prager ya fallasa a jaridar Wall Street Journal cewa tun daga watan Yuli na waccan shekarar Giants tana satar alamun abokan karawa. A besbol mai cafke ƙwallo yakan yi wa mai jifa ishara da yatsu, a ɓoye tsakanin cinyoyinsa, irin jifar da zai yi. Giants ta ajiye mutum da madubin hangen nesa a ɗakin 'yan wasa da ke can ƙarshen fili, yana leƙen yatsun, ya danna ƙararrawa, wani ya isar wa mai bugu. Kocinsu kuwa Leo Durocher ne, wanda a da shi ne kocin Dodgers ɗin. Thomson ya amince an yi satar, amma har ya mutu yana cewa a wannan jifar dai bai karɓi alama ba. Branca kuwa ya ji labarin tun da daɗewa ya haɗiye, shekaru yana yawo da sunan wanda ya zubar wa Brooklyn da tuta. Ba wanda ya sauke tutar.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba masu fassara ba ne, su kansu masu wasan ne. A 1969 aka raba kowace lig gida biyu, aka ce zakarun gidajen su kara, wanda ya yi nasara shi ke da tuta. Daga nan aka yi ta ƙara ƙofofi. Yau ƙungiyoyi 30 ne, 15 a kowace lig, wasa 162, kuma tun 2022 shida-shida ke shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Sai ka yi wata shida kana noma, a zo a yanke maka hukunci da girbin mako uku na Oktoba. A 2023 Arizona Diamondbacks ta ci wasa 84 kacal, da ƙyar ta kutsa, ta ɗauki tutar National League, alhali Atlanta Braves da ta ci 104 tana gida tana kallo a talabijin. Masu kare tsarin suna cewa ya fi armashi, kuma gaskiya ne, kuɗin talabijin ma ya fi shigowa. Ni dai a wurina sunan ne ya rage, abin da yake aunawa ya canza. Da, tuta shaida ce ta wanda ya fi kowa a shekara. Yanzu shaida ce ta wanda hannun masu jifarsa bai mutu ba a watan Oktoba.

Don haka idan an ce ƙungiya ta yi kakar cin tuta, ana nufin ta zama zakarar lig ɗinta, ta samu tikitin World Series, ba ƙari. Yankees ta ci tuta 41, amma World Series 27 ta ci, ka ga sau 14 ta je ta dawo hannu rabbana, na baya-bayan nan a 2024 a hannun Dodgers. Cin rukuni, wato ɗaya daga cikin gidajen da aka raba lig, shi ma ba tuta ba ne, duk da cewa ƙungiyoyi kan rataya ƙyallensa a fili su ma. Shi kuma World Series, a daina ce masa kofin duniya. Ƙungiyoyi 29 na Amurka ne da ɗaya ta Kanada. Gasar ƙasashe daban take, World Baseball Classic, wadda Japan ta ci a 2023 bayan ta doke Amurka ɗin a wasan ƙarshe. Wani abin dariya, kofin da ake ba zakaran World Series kansa tutoci ne 30 a jere a kewaye, ɗaya don kowace ƙungiya.

Toronto dai tutarta halal ce, ta farko tun 1993. A wasan nan da Seattle suna baya 3-1 a zagaye na bakwai George Springer ya yi irin ta Thomson, maki uku a bugu ɗaya. A wasan ƙarshe da Dodgers saura masu bugu biyu su fitar su ɗaga kofi, Miguel Rojas na Dodgers ya farke, Will Smith ya ƙarasa su a zagaye na 11, aka tashi 5-4.

Waɗanda nake tausayi su ne mutanen Seattle. An kafa Mariners a 1977. A 2001 ta ci wasa 116, adadin da ba wanda ya taɓa wucewa, Chicago Cubs ta 1906 ce kawai ta kai shi. Da a ƙarƙashin tsohuwar doka ne, da tun watan Satumba an ɗinka musu tuta. Yankees ta fitar da su wasa huɗu da ɗaya. A daren da Springer ya yi bugunsa, Mariners kaɗai ce cikin ƙungiyoyi 30 ɗin da ba ta taɓa cin tuta ba, kuma haka ta koma gida.