Shukar hunturu a cikin galan

Shukar hunturu hanya ce ta renon iri a waje, a tsakiyar sanyi, cikin tsofaffin galan-galan na madara ko gorunan roba. Masu lambun gida a Amurka da Kanada ne suka fi yin ta. Wata mai lambu a jihar New York, Trudi Davidoff, ita ta yayata hanyar a intanet, kuma a shekarar 2006 ɗakin karatu na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ya shigar da sunan cikin jerin kalmominsa na noma.

Tushen abin yana cikin halin irin kansa. Da yawa daga cikin furanni da ciyayin ƙasashen sanyi, irinsu ba ya tsirowa sai ya kwanta cikin danshi da sanyi na kimanin digiri 1 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyas, na wata guda zuwa wata uku. Wannan ne ke hana shi tsirowa a kaka, sanyi ya zo ya kashe shi. Masu reno a ɗaki firiji suke sa irin. Mai shukar hunturu kuwa yanayi yake bar wa aikin.

Galan mai ɗaukar kusan lita 4, wanda haske ke ratsa shi, shi aka fi so. Ana huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a yanka shi a tsakiya, a bar ɗan wuri a ƙarƙashin mariƙi ba a yanke ba, yadda zai buɗe ya rufe. Sai a zuba ƙasar reno mai danshi, zurfin santimita 8 zuwa 10, a yafa iri, a naɗe yankan da selotef. Murfin kuwa cire shi ake yi, don ruwan sama da dusar ƙanƙara su shiga, zafi ya fita. Sunan iri da fensir ya fi kyau a rubuta, a cusa ciki, domin rana na cinye tawada kafin lokacin dashe.

Ana farawa daga 21 ga Disamba, da furanni masu jure sanyi da kabeji da latas da albasa. Tumatir da tattasai sai Maris ko Afrilu. Tsiron da ya fito gajere ne, amma kakkaura, kuma tun da a waje ya tashi, ba sai an saba masa da iska da rana kafin dashe ba.

Haɗarin ya fi yawa idan gari ya fara ɗumi: galan rufaffe a rana kan dafa tsiro, shi ya sa ake buɗe shi da rana, a duba danshi. Saboda haka hanyar ba ta dace da ƙasar Hausa ba, inda ko a tsakiyar hunturu ranar azahar ke da ƙarfi.