Ciwon Damuwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hanyoyin Samun Sauƙin Zuciya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa mutane kimanin miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a faɗin duniya, kuma mata sun fi maza kamuwa da shi. Ciwo ne da ke da magani, kuma akwai abubuwan da mai shi zai iya yi da kansa domin nauyin ya ragu, ko yana ganin likita ko yana shirin zuwa.

Ta yaya za a bambance ciwon damuwa da ɓacin ran yau da kullum?

Ɓacin rai yana da dalilin da ake iya nunawa, kuma yakan sassauta idan dalilin ya gushe ko kwanaki suka ja. Wanda ya yi asara a kasuwa zai kwana biyu ba walwala, amma idan labari mai daɗi ya iske shi zai yi murmushi, abinci kuma zai yi masa ɗanɗano. Ciwon damuwa kuwa yakan zauna a zuciya kusan dukan yini, kusan kullum, har tsawon mako biyu ko fiye, kuma abin da a da ke faranta ran mutum, hira da abokai ne ko wasa da 'ya'ya ko sana'arsa, duk sai ya fita daga ransa. Tare da haka akan ga rikicewar barci, raguwar cin abinci ko ƙaruwarsa, kasala marar dalili, kasa tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, da yanke ƙauna. Mutane da yawa ba sa kai maganar zuciya asibiti. Abin da suke faɗa wa likita shi ne ciwon kai, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba ko mutuwar jiki, a yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod, ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba.

Mutumin da ba ya sha'awar komai, ta ina zai fara?

Nan ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Ciwon damuwa yana sa mutum ya ga cewa sai ya ji ƙarfi tukuna zai tashi, alhali ƙarfin ba ya zuwa wa wanda ke kwance yana jiransa. Idan mutum ya daina fita, ya ajiye aikin da ya saba, ya ƙaurace wa mutane, to hanyoyin da daɗi ke shigowa rayuwarsa sun toshe ke nan, zuciya ta ƙara nauyi, nauyin kuma ya ƙara kwantar da shi. Masana halayyar ɗan'adam, tun daga aikin Peter Lewinsohn a Amurka a shekarun 1970, sun gina wata hanyar jinya a kan juya wannan tsari: a fara da aikin, sha'awa za ta biyo baya. A shekarar 2016 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da mutane 440, wanda ya nuna cewa wannan hanya, ko da ƙananan ma'aikatan lafiya ne suka koyar da ita, tana aiki daidai da jinyar gyara tunani da manyan ƙwararru ke yi, kuma kuɗinta bai kai na waccan ba.

Yadda ake yi ba shi da wuyar fahimta. Da daddare mutum ya rubuta abu biyu ko uku da zai yi gobe, ya sa wa kowanne lokacinsa. Ɗaya ya kasance na wajibi, kamar wanka da sa tufafi masu tsafta bayan sallar Asuba. Ɗaya ya kasance cikin abubuwan da yake jin daɗinsu kafin ciwon, ɗinki ne ko kiwo ko karatu ko sauraren rediyo. Ɗaya kuma ya haɗa shi da wani mutum, ko da gaisuwar minti biyar ce a ƙofar gidan maƙwabci. Sharaɗin shi ne aikin ya zama ƙarami ƙwarai, wanda za a iya yi ko a ranar da jiki ya fi mutuwa. Wanda ya ce gobe zai gyara dukan gida ya koma kasuwa ya ziyarci dangi, zai kasa, kasawar kuma ta ba shi sabon dalilin zargin kansa.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, a kwanakin farko mai yiwuwa ba za a ji wani daɗi ba. Wannan ba alamar cewa hanyar ba ta aiki ba ce. Ma'aunin nasara a farko shi ne an yi abin da aka tsara, ko an ji daɗi ko ba a ji ba. Sauƙin yakan fara bayyana ne bayan an ɗauki makonni ana maimaitawa, kuma sau da yawa na kusa da mutum ne ke riga shi lura.

Shin motsa jiki yana da tasiri da gaske, ko shawara ce kawai da ake ba kowa?

Yana da tasiri. Wani nazari da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2024 ya tattara gwaje-gwaje 218 da suka ƙunshi mutane fiye da 14,000, ya gano cewa tafiya a ƙasa, sassarfa, yoga (atisayen miƙa jiki da sarrafa numfashi) da ɗaga nauyi suna rage alamomin ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato rabin awa sau biyar. Mai ciwon damuwa ba sai ya fara daga nan ba. Minti goma na tafiya mai ɗan sauri ya isa mafari, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. A lokacin zafi, sassafe ko bayan La'asar ya fi dacewa. Macen da ba ta cika fita ba za ta iya zagaya tsakar gida ko ta yi atisaye a ɗaki. A ganina tafiya tare da wani ta fi ta mutum shi kaɗai, domin wanda ya san ana jiransa a ƙofar gida yakan tashi ko da zuciyarsa ba ta so.

Mene ne matsayin barci da abinci?

Barci da damuwa suna ɓata juna, saboda haka gyara ɗaya yana taimakon ɗayan. Matakin da ya fi ƙarfi shi ne tashi a lokaci guda kowace safiya, ko da daren bai yi daɗi ba, sannan a fita hasken rana da hantsi, domin hasken safe shi ke daidaita agogon jiki. Kwanciya a gado dukan yini tana lalata barcin dare, ƙailula kuma kada ta wuce rabin awa. Goro, shayi, kofi da lemukan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda kusan rabinsa yana nan a jiki bayan awa biyar, don haka wanda barci ke yi wa gardama ya bar su daga Azahar. Ita ma waya a ajiye ta nesa da shimfiɗa. Game da abinci kuwa, babu wani nau'i da ke warkar da ciwon shi kaɗai. Abin nema shi ne a ci a kan lokaci ko da kaɗan ne, domin yunwa tana ƙara kasala da saurin fushi.

Yaya za a yi da saƙar zuci da ba ta ƙarewa?

Tunanin da ke amfani yana ƙarewa da wani mataki da za a ɗauka. Saƙar zuci kuwa tana zagaye ne a kan tambayoyi irin su "me ya sa sai ni" da "da na sani", ba ta kai mutum ko'ina. Idan aka lura an faɗa cikinta, ya fi kyau a tashi daga wurin a kama wani aikin hannu da ke buƙatar hankali, maimakon a tsaya ana kokawa da ita.

Matsalolin da ke da gaskiya, irin su bashi, rashin aiki ko rikicin aure, suna buƙatar a zauna da wani a warware su ɗaya bayan ɗaya. Akwai darasi mai kyau daga Zimbabuwe. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Harare, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiyar unguwa su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu damuwa. A zama shida sukan taimaki mutum ya jero matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya, ya lissafa hanyoyin fita, ya gwada ɗaya, sannan ya dawo ya faɗi yadda aka yi. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda suka zauna da waɗannan mata sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba nesa ba kusa ba. Mai damuwa zai iya bin wannan tsari da ƙanwar uwa, ko amini, ko malamin da ya yarda da shi, muddin mutumin mai riƙe sirri ne kuma mai iya saurare ba tare da gaggawar yin wa'azi ba.

Shin ciwon damuwa alamar raunin imani ne?

A'a, kuma wannan magana tana cikin abubuwan da suka fi cutar da masu ciwon, domin tana ɗora musu laifi a kan nauyin da suke ɗauke da shi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Malaman tarihi suna kiran shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki, kuma Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kasance yana neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma umurci bayin Allah su nemi magani. Kiristoci ma sun san labarin Annabi Iliya, wanda ya gaji har ya roƙi mutuwa, aka ba shi abinci da ruwa aka bar shi ya yi barci. Addu'a, zikiri da karatu suna sanyaya zuciyar mai imani, sallar jam'i kuma tana raba masa yini kashi-kashi tana haɗa shi da jama'a. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana zuwa asibiti.

Waɗanne abubuwa ne ya kamata a guje wa?

Giya, wiwi, tiramadol, maganin tari mai kodin da ƙwayoyin barci da ake saya ba da izinin likita ba. Suna kawo sauƙin 'yan sa'o'i, sannan su bar mutum cikin ƙuncin da ya fi na da, ga kuma jarabar da ke biyo baya. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa da matan aure. Haka kuma yana da kyau a jinkirta manyan shawarwari, kamar saki, barin aiki ko sayar da gida, har sai hankali ya kwanta, domin ciwon yana sa komai ya yi kama da abin da ba shi da mafita.

Yaushe ne waɗannan dabaru ba su isa ba?

Idan mutum ya kasa yin aikinsa ko kula da kansa, ko ya daina cin abinci, ko ya yi makonni yana ƙoƙari babu canji, to lokacin ganin likita ya yi. Likita zai fara duba ko akwai wata cuta a jiki da ke kawo irin waɗannan alamomi, kamar ƙarancin jini ko raguwar aikin halittar nan ta wuya da ake kira tayirod. Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine, sertraline da amitriptyline ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga amfaninsu, kuma akan ci gaba da shan su aƙalla wata shida bayan an sami sauƙi domin kada ciwon ya dawo. Ba a yanke su farat ɗaya sai da shawarar likita. Wanda ya taɓa shiga wani yanayi na kuzari fiye da kima, ba ya barci yana kashe kuɗi ba lissafi, ya gaya wa likita, domin maganinsa daban ne. Mai ciki da mai jego ma kada a yi sakaci da su, domin fiye da ɗaya cikin goma daga cikinsu kan kamu da ciwon damuwa, kuma akwai maganin da ya dace da mai shayarwa.

A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, kuma likitan babban asibitin gari ma zai iya fara jinya ya tura mutum gaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a mutunta shi. Zuwa waɗannan wurare ba ya nufin hauka.

Me 'yan uwa za su yi, musamman idan mutum ya fara maganar mutuwa?

Kalmomi irin su "ka cire abin a ranka" da "wasu sun fi ka shiga uku" ba sa taimako, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗe su. Abin da ke taimako shi ne a zo a zauna da shi, a raka shi tafiyar safe, a kawo masa abinci, a tuna masa maganinsa, kuma a ci gaba da zuwa ko da ya nuna ba ya so. Idan ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama da mutane, a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ce ke ba shi damar buɗe baki. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magungunan ƙwari, tarin ƙwayoyi da makamai daga inda hannunsa zai kai, sannan a kai shi asibiti mafi kusa a wannan rana, ba tare da jiran wayewar gari ko taron dangi ba.