Kwatar da ke gaban rumfarka

Salamu alaikum ƴan kasuwa, iyayenmu da ƙannenmu. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Yamai, kuma kullum in zan tafi aiki sai na ratsa wani layin rumfuna kusa da kasuwar Wadata. Kwanan baya na iske masu layin sun fito gayya tun bayan asuba. Mahauci, tela, mai kayan miya, har da mai shayin bakin hanya, kowa da shebur ko manjagara, ana yashe kwata. Wani dattijo cikinsu ya ce mini rabonsa da ganin haka tun zamanin Samariya, ƙungiyar samari masu aikin gayya ta lokacin shugaba Seyni Kountché. Na ji daɗi ƙwarai.

Da la'asar na dawo, dagwalon da aka kwaso yana nan jibge a bakin kwatar. Bayan kwana uku aka yi ruwa, ya koma inda ya fito. Aikin baban giwa ke nan, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Idan kwata ta toshe, ruwan sama yakan malala ya kwanta a ƴan ramuka da sawun tayar mota da bayan rumfuna. Irin wannan ruwa, wanda bai yi baƙi ba, shi sauron zazzaɓi ya fi so. A zafin garinmu kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwansa ya zama sauro mai cizo. Mai gadin da ke kwana a kasuwa da almajiran da ke raɓawa ƙarƙashin rumfa su ke fara shan cizo, daga nan sai gidajen da ke kewaye. Shi kuwa dagwalon da aka bari a fili, gidan ƙuda ne. Ƙudan da ya tashi daga kansa ba ya neman izini kafin ya sauka kan tsire, ko tumatir, ko ƙwaryar fura. Ta nan gudawa ke shiga cikin yara. Wanda ya ga yadda kwalara ta yi a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Don haka, Alhaji, kafin a ɗauki shebur a fara yin magana da mai amalanke. Ranar da aka yashe, ranar za a kwashe a kai juji. In kowace rumfa tana zuba dala ashirin a asusu duk mako, a hannun mutum biyu da aka yarda da su, kuɗin amalanke ba zai gagara ba, har a sayi safar hannu da takalmin roba ga samarin da ke shiga kwatar. Akwai fasassun kwalabe da tsofaffin reza a ciki. Muna ganin raunukan a wurin aiki.

Mafi yawan abin da ke fitowa daga kwatar nan leda ce, baƙa da ta ruwan sha. Tun 2014 ƙasarmu ke da dokar hana irin ledar nan marar kauri, amma ku dubi rassan itatuwa da bakin Gountou Yena, kwarin da ya ratsa Yamai, ku ba kanku amsa. Rabin duro ɗaya na zuba shara tsakanin rumfuna uku ko huɗu zai tare da yawa. Hajiya mai kayan miya, ki riƙa tambayar mai saye ko ta zo da kwando kafin ki ƙulla mata albasa ɗaya a leda biyu.

Salanga kuma, kada kunya ta hana a yi zancenta. Mutum ya wuni kasuwa, dole ya zaga. In babu wuri mai ƙofa da buta da sabulu, bayan katanga za a nufa, ruwan farko ya kwaso ya kawo gaban mai abinci. Ku wakilta mutum uku su je ofishin magajin garin da'irarku, cikin biyar ɗin da Yamai ke da su, su nemi a nuna musu inda ya halatta a gina.

Masu layin sun ce mini suna son dasa dogon yaro ranar 3 ga Agusta don samun inuwa. Madalla. Sai dai kowane dashe a ba shi mai shi da suna, a yi masa shinge saboda awaki, kuma a san wanda zai ba shi ruwa in watan Afrilu ya kama.